Mol: Ma'aunin Da Masana Sinadarai Ke Ƙirga Abin Da Ido Ba Ya Gani

A jikin buhun takin yuriya da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya an rubuta cewa kashi 46 cikin 100 na abin da ke ciki sinadarin naitirojin ne. A takardar sakamakon gwajin sukari da ake bai wa majinyaci a asibiti kuma, akan ga lamba kamar 7.0 tare da wasu haruffa, mmol/L. Manomin da ya ɗauki buhun da majinyacin da ya karɓi takardar ba kasafai suke tambayar inda waɗannan alƙaluma suka fito ba. Duka biyun kuwa tushensu ɗaya ne, wato wani ma'auni na kimiyyar sinadarai da ake kira mol.

Ɗaliban kimiyya a manyan makarantun sakandare sun san sunan, domin tambayoyinsa ba sa rasa fitowa a jarrabawar WAEC da NECO da ta JAMB. Sai dai da yawansu haddace dabarun lissafinsa suke yi ba tare da sun gane abin da ake nufi da shi ba, shi ya sa da an sauya fasalin tambaya sai su rikice. Asalin maganar kuwa mai sauƙi ce. Mol hanya ce ta sanin yawan ƙwayoyin da ke cikin wani abu ta hanyar ɗora shi a kan sikeli.

Matsalar da ta haifar da shi

Duk abin da ke da nauyi a duniya, ruwa ne ko gishiri ko iska, an gina shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ƙwayar zarra, ko atam. Idan atam biyu ko fiye suka ɗauru da juna suka zama dunƙule guda, ana kiran dunƙulen molikul. Molikul ɗin ruwa, misali, atam biyu ne na haidurojin da ɗaya na oksijin, shi ya sa ake rubuta shi H₂O.

Sinadarai suna haɗuwa ne bisa ƙidaya. Domin a samu ruwa, kowane atam na oksijin sai ya samu na haidurojin guda biyu. Idan aka kawo uku, ɗaya zai rage ba shi da abokin haɗi. Saboda haka mai haɗa magani ko taki ko sabulu yana bukatar sanin ƙwaya nawa ya zuba na wannan, nawa kuma na wancan. A nan ne matsalar take, domin atam ba ya ƙirguwa da hannu. Giram ɗaya na kabon zalla, wato sinadarin da ya fi yawa a cikin gawayi, yana ɗauke da atam kimanin 5 da sifiri 22 a bayansa. Abin da ke hannun mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje sikeli ne kawai, sikeli kuwa nauyi yake nunawa.

Masu sayar da kayan gini sun daɗe da warware irin wannan matsala a sana'arsu. Idan mai shago ya san ƙusa 200 ta wani nau'i tana yin kilo ɗaya, to wanda ya zo neman ƙusa 1,000 ba sai an zauna ana ƙirga masa ba, a auna masa kilo biyar an gama. Sharaɗin shi ne a san nauyin wani ƙayyadadden adadi na nau'in ƙusar da ake magana a kai. Dabarar da masana sinadarai suka ɗauka ke nan.

Mene ne mol?

Kasuwa tana da sunayen da take tara ƙidaya a cikinsu. Dozin guda 12 ne, kiret ɗin ƙwai guda 30, ƙwaryar goro kuma guda 100. Mol ma irin wannan suna ne, sai dai adadin da ke cikinsa ya wuce misali. Mol ɗaya na kowane abu yana nufin ƙwayoyi 602,214,076,000,000,000,000,000 na wannan abu. A taƙaice ana rubuta shi 6.022 × 10²³, wato a ninka 6.022 da goma sau 23 a jere. Ana kiran wannan adadi lambar Avogadro.

Domin a fahimci girmansa, a ɗauka cewa mutanen duniya biliyan takwas sun zauna kowa yana ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana, ba barci ba hutawa. Sai sun shafe fiye da shekara miliyan biyu kafin su gama ƙirga mol ɗaya. Amma duk da haka mol ɗaya na ruwa giram 18 ne kacal, wato ɗan abin da ya ɗara cikin babban cokali. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙanƙantar molikul.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya sa aka zaɓi wannan lamba mai wuyar furtawa maimakon wata dunƙulalliya kamar tiriliyan. Dalilin yana cikin jadawalin sinadarai da ake mannawa a bangon azuzuwan kimiyya. A cikinsa an bai wa kowane sinadari wata lamba mai nuna nauyin atam ɗinsa idan an kwatanta da na sauran. Haidurojin yana da 1, kabon 12, naitirojin 14, oksijin 16. Ma'ana, atam ɗaya na kabon ya ninka na haidurojin nauyi sau 12, na oksijin kuma sau 16. Idan haka ne, to duk sa'ad da aka auna giram 1 na haidurojin da giram 12 na kabon da giram 16 na oksijin, yawan atam ɗin da ke cikin kowanne daidai yake da na ɗan'uwansa. Da masana suka yi gwaje-gwaje domin gano ko nawa ne wannan adadi, sai suka tarar 6.022 × 10²³ ne. Ke nan girman giram ne da ƙanƙantar atam suka haifar da lambar, kuma amfaninta shi ne ta mayar da alƙaluman jadawalin zuwa giram kai tsaye.

Nauyin mol ɗaya

Ƙwaryar goro da ƙwaryar doya duk ɗari-ɗari ne, amma yaro zai iya ɗaukar ta goro, ta doya kuwa sai an nemo amalanke ko mota. Haka mol yake. Adadin ƙwayoyin ba ya canzawa, nauyin ne ya bambanta daga sinadari zuwa sinadari. Nauyin da mol ɗaya na wani abu yake da shi a giram, shi ake kira nauyin mol, kuma ana rubuta ma'auninsa g/mol.

Ana samun sa ne ta hanyar duba yadda ake rubuta sinadarin, sannan a tara nauyin dukkan atam ɗin da ke ciki. A ruwa, H₂O, akwai haidurojin biyu, wato 2, da oksijin ɗaya, wato 16, jimla 18. Gishirin girki, NaCl, ya ƙunshi sodiyam mai nauyin 23 da kulorin mai nauyin 35.5, jimla 58.5. Iskar kabon dayoksaid, CO₂, wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, tana da kabon ɗaya, 12, da oksijin biyu, 32, jimla 44. Gulukos, wato sukarin da ke yawo a cikin jini, C₆H₁₂O₆, yana da kabon shida (72), haidurojin 12 (12) da oksijin shida (96), jimla 180. Sukarin da ake sha a shayi kuwa, C₁₂H₂₂O₁₁, nauyin mol ɗinsa 342 ne.

Rabin da ke jikin 35.5 na kulorin yakan ɗaure wa ɗalibai kai, tun da babu rabin atam. Abin da ke faruwa shi ne kulorin iri biyu ne gauraye a duniya. Kimanin kashi uku cikin huɗu nauyinsu 35 ne, sauran kashi ɗayan kuma 37. Idan aka ɗauki matsakaicinsu sai a samu 35.5.

Daga nan za a ga yadda sikeli kan ɓoye gaskiyar ƙidaya. Kilo ɗaya na gishiri da kilo ɗaya na sukari nauyinsu ɗaya, amma na gishirin mol 17 ne da ɗoriya, na sukarin kuwa bai cika mol uku ba. A wajen mai dafa abinci wannan ba wani abin damuwa ba ne. A wajen mai haɗa ruwan da za a ɗura wa majinyaci a jijiya kuwa, bambanci ne da rai ya rataya a kansa.

Yadda ake juya lissafin

Abubuwa uku ake yawo a tsakaninsu: nauyi a giram, yawan mol, da yawan ƙwayoyi. Mol ne a tsakiya, kuma duk tafiyar da za a yi sai an bi ta kansa.

Idan giram ne a hannu ana neman mol, sai a raba nauyin da nauyin mol. Ledar ruwan sha mai cin rabin lita tana da ruwa giram 500. A raba 500 da 18, za a samu mol 27.8.

Idan mol ne a hannu ana neman giram, sai a ninka. Wanda aka ce ya auno mol 0.5 na gishiri zai ninka 0.5 da 58.5, ya ɗora giram 29.25 a sikeli.

Idan kuma yawan ƙwayoyi ake so, sai a ninka mol da lambar Avogadro. Mol 27.8 na waccan ledar ruwa, idan aka ninka shi da 6.022 × 10²³, zai ba da molikul kimanin 1.67 × 10²⁵. In daga ƙwayoyi za a koma mol, sai a raba da lambar.

Akwai ƙarin hanyoyi biyu da ake yawan amfani da su. Ta farko ta shafi iska. A yanayin sanyin digiri sifiri na ma'aunin Salshiyos, da matsin iska irin na bakin teku, mol ɗaya na kusan kowace iska yana cika lita 22.4, mai nauyi ce ko maras nauyi. Ta biyu ta shafi abin da aka narkar a ruwa, inda ake auna ƙarfinsa da yawan mol ɗin da ke cikin lita ɗaya. A ce malami yana son ya shirya wa ɗalibansa mililita 250 na ruwan soda mai ƙuna, NaOH, mai ƙarfin mol 0.1 a kowace lita, domin gwajin haɗa asid da kishiyarsa da ake yi a jarrabawar aiki da hannu. Mililita 250 rubu'in lita ce, don haka mol 0.025 yake bukata. Nauyin mol na NaOH 40 ne (23 da 16 da 1). Ya ninka 0.025 da 40, ya samu giram ɗaya cif. Abin da zai auna ya narkar ke nan, ya cika da ruwa har zuwa layin 250.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe

Mafi yawan kurakuran da ake yi a wannan darasi daga rashin lura da abin da ake ƙirgawa suke fitowa. Mol ɗaya na atam ɗin oksijin giram 16 ne, amma iskar oksijin da muke shaƙa bibbiyu take tafiya, O₂, don haka mol ɗinta giram 32 ne. Wanda aka tambaye shi game da iskar ya yi amfani da 16, amsarsa za ta ninka ko ta rabu biyu. Shi ya sa duk inda aka ce mol, tambayar farko ita ce, mol na me?

Kuskure na biyu yana cikin baka da ƙaramar lambar da ke binta. A Ca(OH)₂, wato farar ƙasa da aka jiƙa, lambar 2 ta shafi duk abin da ke cikin bakar. Kalsiyam 40 ne, OH kuma 17 sau biyu, jimla 74. Mai gaggawa yakan ninka haidurojin kaɗai ya samu 58. Haka nan wasu gishirorin suna riƙe da ruwa a jikin ƙwayoyinsu, kamar shuɗin gishirin tagulla, CuSO₄·5H₂O, wanda nauyin mol ɗinsa kusan 250 ne. Wanda ya manta da molikul biyar na ruwan, wato giram 90, zai tsaya a 160.

Na uku shi ne mantawa da juya ma'auni, a sa kilo a inda ake son giram, ko mililita a inda ake son lita. Maganinsa shi ne a riƙa rubuta ma'aunin tare da kowace lamba a kowane mataki. Idan aka raba giram da g/mol, giram zai kashe giram, mol ya rage. Idan abin da ya rage a ƙarshe ba shi ne ake nema ba, to an ninka a inda ya kamata a raba.

A gona: abin da ke cikin buhun taki

Ana rubuta yuriya CO(NH₂)₂. Tana da kabon ɗaya (12), oksijin ɗaya (16), naitirojin biyu (28) da haidurojin huɗu (4), jimla 60. Cikin kowane giram 60 ke nan, giram 28 ne naitirojin, wato abincin da shuka ke nema. A raba 28 da 60, a samu kashi 46.7 cikin 100. Daga nan lambar 46 ta jikin buhu ta fito, bayan an rage ɗan abin da laima da sauran tarkacen sarrafawa suka ci. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da mol kimanin 833 na yuriya, naitirojin ɗin da ke ciki kuma kilo 23 ne.

Wannan lissafi yana da amfani ga manomi ta fuska biyu. Da farko, ya nuna cewa babu yuriyar da za ta wuce kashi 46.7, ko daga wace ƙasa aka kawo ta. Duk wanda ya yi tallar wadda ta fi haka ƙarfi, ko dai ba yuriya ba ce ko kuma ba gaskiya ya faɗa ba. Na biyu, yana ba da damar kwatanta farashi bisa adalci. Takin amoniyam salfet, (NH₄)₂SO₄, nauyin mol ɗinsa 132 ne, amma naitirojin ɗin da ke ciki 28 ɗin nan ne dai, wato kashi 21 cikin 100. Buhunsa mai kilo 50 bai wuce kilo goma da rabi na naitirojin ba. Takin kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi yake da shi a buhu, ko da yake shi yana tafe da wasu sinadarai biyu da shuka ke bukata. Saboda haka naitirojin ɗin da buhu biyu na yuriya za su bai wa gonar masara, sai an zuba fiye da buhu huɗu na amoniyam salfet kafin a same shi. Buhun da ya fi araha a baki na iya zama shi ne mafi tsada idan an lissafa kuɗin kowane kilo na naitirojin.

Masana'antun da ke sarrafa yuriya daga iskar gas, irin na Dangote da ke Ibeju-Lekki a Jihar Legas da na Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas, da wannan lissafi suke aiki. Mol biyu na amoniya, giram 34, su ke haɗuwa da mol ɗaya na kabon dayoksaid, giram 44, su ba da mol ɗaya na yuriya, giram 60, da mol ɗaya na ruwa, giram 18. Abin da ya shiga 78 ne, abin da ya fita ma 78. Idan aka ɗaga shi zuwa girman masana'anta, kowane tan ɗaya na yuriya yana bukatar aƙalla kilo 567 na amoniya da kilo 733 na kabon dayoksaid.

A asibiti: lamba ɗaya, ma'ana biyu

Harafin m na farko a cikin mmol yana nufin kashi ɗaya cikin dubu na mol. Idan takardar gwaji ta ce sukarin jini 7.0 mmol/L ne, tana nufin akwai milimol bakwai na gulukos a kowace litar jini. Wasu na'urorin gwajin sukari na gida kuma da wani ma'auni suke aiki, mg/dL, wato miligiram a cikin kashi ɗaya bisa goma na lita. Nauyin mol na gulukos ne ke haɗa su. Tun da milimol ɗaya miligiram 180 ne, milimol bakwai sun zama miligiram 1,260 a lita, wato 126 a kashi ɗaya bisa goma na lita. A taƙaice, a ninka mmol/L da 18 a samu mg/dL. Wannan mataki na 7.0, ko 126, shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin iyakar da ake la'akari da ita wajen gano ciwon sukari, idan an yi gwajin kafin a ci abinci da safe.

Rashin sanin wane ma'auni na'ura ke nunawa na iya zama haɗari. Lamba 20 a mmol/L daidai take da 360 a mg/dL, sukari ya yi sama ƙwarai ke nan. Lamba 20 a mg/dL kuwa kusan 1.1 ce a mmol/L, wato sukari ya faɗi har ya kai ga barazana ga rai. Matakin da za a ɗauka a kan ɗaya kishiyar na ɗayan ne. Don haka duk mai faɗa wa likita sakamakon gwaji ta waya ya kamata ya karanto lambar tare da haruffan da ke gefenta.

Haka abin yake a ruwan gishiri da sukari na ORS da ake bai wa yaro mai gudawa. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun farkon shekarun 2000 ya ƙunshi giram 2.6 na gishiri, giram 13.5 na gulukos, giram 1.5 na gishirin fotasiyam da giram 2.9 na gishirin sitiret, duk a lita ɗaya ta ruwa. A ido waɗannan alƙaluma ba su da wata alaƙa da juna, amma da an juya su zuwa mol sai tsarin ya bayyana. Giram 13.5 da aka raba da 180 ya ba da milimol 75 na gulukos. Sodiyam ɗin da ya fito daga gishirin girki da gishirin sitiret, idan aka tara shi, shi ma milimol 75 ne. Hanji yana jan sodiyam tare da gulukos zuwa cikin jini, ruwa kuma ya bi su. An tsara jimlar duk abin da ke narke a ciki ta tsaya a milimol 245 a lita, domin ruwan da ya yi kauri fiye da kima yana janyo ruwan jiki zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru. Uwar da ta narkar da ƙunshin lita ɗaya a rabin lita, da nufin maganin ya yi ƙarfi, ta ninka sodiyam ɗin ne zuwa 150, abin da ke iya cutar da yaron. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke nanata a bi yawan ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshin.

A masana'antar siminti

Dutsen da ake ƙonawa a masana'antun siminti na Obajana a Jihar Kogi, da Ashaka a Gombe, da Kalambaina a Sakkwato, akasarinsa CaCO₃ ne, mai nauyin mol 100. Idan wuta ta ci shi yakan rabu biyu, giram 56 na farar ƙasa, CaO, wadda ke shiga cikin siminti, da giram 44 na kabon dayoksaid da ke tashi sama. Ke nan kowane tan na dutsen zalla, wanda mol 10,000 ne, yana sakin kilo 440 na wannan iska, tun ba a lissafa hayaƙin man da aka ƙona wajen hura wutar ba. Wannan kaso ba ya raguwa da ingancin injin, domin a jikin dutsen yake. Shi ne ya sa ake lissafa sarrafa siminti cikin manyan hanyoyin da iskar da ke ɗumama duniya ke fita.

Daga Turin zuwa Versailles

Mutumin da lambar ke ɗauke da sunansa bai taɓa sanin ta ba. Amedeo Avogadro ɗan ƙasar Italiya ne daga birnin Turin, wanda ya fara da karatun lauya kafin ya koma kimiyya. A 1811 ya kawo ra'ayin cewa idan aka cika mazubi biyu masu girma ɗaya da iska iri biyu, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, to yawan molikul ɗin da ke cikinsu ɗaya ne. Masanan zamaninsa ba su ba maganar muhimmanci ba har ya rasu a 1856. Wani ɗan ƙasarsu, Stanislao Cannizzaro, shi ya farfaɗo da ita a babban taron masana sinadarai da aka yi a Karlsruhe ta ƙasar Jamus a 1860, inda ya nuna cewa da ita za a iya kawo ƙarshen ruɗanin da ake ciki game da nauyin atam.

A 1865 Josef Loschmidt na ƙasar Ostiriya ya yi ƙiyasin girman molikul ɗin iska, wanda ya buɗe hanyar sanin yawansu. Kalmar mol kuwa Bajamushe Wilhelm Ostwald ne ya shigo da ita a shekarun 1890, ya yanko ta daga kalmar molikul. Bafaranshe Jean Perrin ne ya auna lambar ta hanyar lura da yadda ƙananan ɓarɓashi ke rawa a cikin ruwa, kuma shi ya ba da shawara a 1909 a sa mata sunan Avogadro. Aikin ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1926.

A 1971 babban taron duniya kan awo da ma'auni ya karɓi mol a matsayin na bakwai cikin ma'aunan asali, tare da mita da kilogiram da daƙiƙa da sauransu. A lokacin an fassara shi da cewa yawan atam ɗin da ke cikin giram 12 na kabon mai nauyin 12, wato dai mol ya dogara ne da kilogiram, shi kuma kilogiram ya dogara da wani dunƙulen ƙarfe da ke ajiye a kusa da birnin Paris. Bayan shekaru ana auna lambar da wasu ƙwallayen silikon da aka goge su sumul, ƙasashe sun kaɗa ƙuri'a a Versailles ta Faransa ranar 16 ga Nuwamba, 2018, suka tsayar da ita a 6.02214076 × 10²³ daidai, ba ragi ba ƙari. Sabon tsarin ya fara aiki ranar 20 ga Mayu, 2019.

Sauyin bai taɓa lissafin ɗalibi ko na masana'anta ba, domin bambancin da ya kawo ya yi ƙanƙantar da sikelinsu ba zai gan shi ba. Ruwa yana nan a giram 18, yuriya a 60, gulukos a 180. Abin da ya sauya shi ne yanzu mol ƙidaya ce tsagwaronta kamar dozin, ba ta jingina da wani abu da ke kulle a wata ƙasa ba. Ɗalibin da ya riƙe wannan, ya kuma saba tambayar kansa abin da ake ƙirgawa da nauyin mol ɗinsa kafin ya taɓa na'urar lissafi, zai iya warware tambayar jarrabawa ko da an sauya mata fasali, kuma da ilimin nan zai karanta buhun taki da takardar asibiti.